Tsutsar Ƙarƙashin Fatar Kurege: Darasi Daga Mafarautan Amurka

A shafin kimiyya na wannan mako za mu leƙa dazuzzukan gabashin Amurka, inda mutane da yawa ke farautar kurege suna cin namansa. Kuregen da suke farauta a kan bishiya yake zama, ya bambanta da namu mai haƙa rami a ƙasa. Kowace shekara, daga watan Agusta zuwa Oktoba, mafarauci kan harbo kurege ya tarar da kumburi kamar maruru a wuyansa ko kafaɗarsa ko ƙirjinsa. A tsakiyar kumburin akwai ɗan rami, a cikin ramin kuma tsutsa ce ke motsi. Da yawa daga cikin mafarautan sukan ji ƙyama su yar da dabbar a daji. Tambayarmu ita ce, shin naman ya lalace ne da gaske?

Kafin mu amsa, sai mun san tsutsar. 'Yar wani babban ƙuda ce da masana ke kira Cuterebra emasculator. Ƙudan yana da kauri da gashi a jiki, har ya yi kama da babban ƙudan zuma, amma ba ya harbi, ba ya cizo, ba ya ma cin abinci idan ya girma. Kwanaki kaɗan yake yi a duniya, aikinsa kawai haihuwa. Uwar ba ta sauka a jikin kurege. Takan saka ƙwanta a kan rassa da ganyaye da wuraren da kurege ke yawan bi. Idan kurege ya gifta, ɗumin jikinsa yakan sa ƙwan ya ƙyanƙyashe nan take, 'yar tsutsar ta maƙale a gashinsa, sannan ta shiga ta hanci ko baki ko ido ko wani rauni.

Bayan ta yi 'yan kwanaki tana tafiya a cikin jiki, sai ta tsaya a ƙarƙashin fata ta huda ƙaramin rami da take shaƙar iska ta cikinsa. Jikin kuregen kuma yakan kewaye ta da wata 'yar jaka, wadda ita ce kumburin da ake gani daga waje. A nan take zama mako uku zuwa huɗu tana shan ruwan jiki, har ta kai tsawon kusan santimita 2.5, launinta ya koma baƙi-baƙi. Idan ta ƙosa sai ta fito ta ramin ta faɗo ƙasa, ta shige cikin turɓaya ta kwashe lokacin sanyi a can. Sai shekara ta zagayo zafi ya dawo take fitowa a matsayin ƙuda. Ramin da ta bari a fatar kurege yakan warke.

Yanzu amsar tambayarmu ta fito. Tsutsar tsakanin fata da tsoka take zama, ba ta shiga cikin naman. Idan aka feɗe kuregen, yawanci jakar takan tafi tare da fatar. In akwai ɗan wurin da ya yi ja ko ya ɓaci, sai a sa wuƙa a yanke shi, a wanke sauran, a dafa shi ya dahu sosai. Hukumomin kula da namun daji na jihohin Amurka sun daɗe suna gaya wa mafarauta cewa irin wannan nama ba shi da illa. Wanda ya yar da shi ya yi asarar abinci, ya kuma kashe dabba a banza. Sai dai akwai sharaɗi. Idan an ga ruɓa ta bazu, ko naman yana wari, ko dabbar ta rame ƙwarai, to wannan wata matsala ce dabam, kuma barin naman ya fi.

Tsofaffin mafarauta na can suna da wata al'ada: ba sa fita farautar kurege sai an yi sanyin farko mai daskarar da raɓa. Wasu na zaton sanyin ne ke kashe tsutsar a jikin dabba. Abin da ke faruwa shi ne, kafin wannan lokaci yawancin tsutsotsin sun gama girma sun faɗo ƙasa. Al'adar tana aiki, amma dalilin da ake bayarwa ne ba daidai ba.

Masana ma sun taɓa yin kuskure a kan wannan ƙuda. A shekarar 1856 wani masanin ƙwari na jihar New York mai suna Asa Fitch ya ga tsutsar a wajen marainan wani ƙaramin kurege mai zane a baya. Sai ya ɗauka tana dandaƙe dabbar, ya raɗa mata suna mai ma'anar "mai dandaƙa". Bincike daga baya ya nuna ba ta yin haka, amma sunan ya zauna har yau.

Mu ma a Afirka muna da wani ƙuda mai irin wannan hali, ko da yake danginsu ba ɗaya ba ne. Sunansa na kimiyya Cordylobia anthropophaga, ana kuma kiransa ƙudan tumbu. Yakan saka ƙwai a ƙasa mai yashi a inuwa, musamman inda aka yi fitsari, da kuma a kan tufafin da aka shanya a ƙasa. Tsutsarsa tana huda fatar ɓera da kare da mutum, ta yi kumburi mai rami a tsakiya. Saboda haka, mu 'yan makarantar kwana, mu riƙa shanya kaya a kan igiya cikin rana, mu kuma yi musu guga, domin zafin dutsen guga yana kashe ƙwan. Wanda ya ga maruru mai motsi a jikinsa kada ya matse shi da ƙarfi, ya je wurin ma'aikacin lafiya.

Ga tambayoyin mako. Ta ina tsutsar Cuterebra ke shiga jikin kurege? Me ya sa ba a cika ganin ta bayan sanyi ya shigo ba? A wane hali ya kamata mafarauci ya haƙura da naman? A rubuta amsa tare da suna da aji, a saka a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka amsa daidai a fitowa ta gaba.