Yadda Ake Cire Matoshin Bahon Wanka Don Buɗe Magudanar da Ta Toshe

Sau da yawa mutum yakan gama wanka a baho ya tarar ruwan ya tsaya masa a idon sawu, yana sauka a hankali kamar ba ya so. Bayan 'yan makonni sai ya daina sauka gaba ɗaya, banɗaki ya fara wari. A nan ne wasu ke sayo sinadari mai ƙarfi su zuba, wasu kuma su fizgi matoshin da filaya har su karya shi. Alhali mafi yawan irin wannan toshewar ba ta da nisa: tana nan 'yan santimita kaɗan a ƙarƙashin matoshin. Aikin da ke gaban mutum shi ne ya gane irin matoshin da ke bahonsa kafin ya taɓa shi, domin kowanne da yadda ake kwance shi.

Me ke toshe magudanar?

A kowace rana mutum yakan zubar da silin gashi tsakanin 50 zuwa 100, kuma wani kaso na zuba ne lokacin wanka. A bakin magudanar akwai 'yan sanduna da aka gicciye kamar alamar tarawa, kuma a jikinsu ake ɗaure matoshi. A nan gashi ke maƙalewa. Sabulu kuma idan ya haɗu da ma'adinan kalsiyam da maganiziyam da ke cikin ruwa, musamman ruwan wasu rijiyoyin burtsatse, yakan zama wani dasƙararren datti mai danƙo. Wannan dattin shi ke liƙe gashin da zaren soso da man shafawa har su zama dunƙule.

Bututun baho galibi faɗinsa milimita 40 ne, wato inci ɗaya da rabi, don haka ba ya buƙatar dunƙule mai girma kafin ya cushe. A ƙasansa akwai wata gwiwa mai siffar harafin U wadda kullum take riƙe da ruwa kaɗan don hana warin sokawe da kyankyasai hawowa. Idan dattin ya wuce bakin magudana, a wannan gwiwar yake zama.

Kayan aiki

Za a buƙaci sukundireba mai faɗin baki da mai baki huɗu, da filaya, da ƙaramin alanki, da safar hannu ta roba, da tsumma, da leda don zuba datti. Sai doguwar robar nan siririya mai ƙayoyi a gefe da ake sayarwa a shagunan kayan famfo. Idan ba a same ta ba, wayar ƙarfe ta rataye kaya da aka miƙe aka lanƙwasa bakinta za ta yi aiki.

Wayar hannu ma tana cikin kayan aikin. Tocilanta zai haska cikin ramin, kyamararta kuma za ta ajiye yadda kayan suke kafin a kwance su. A ɗauki hoto a kowane mataki, domin mayar da kaya ya fi kwance su rikitarwa. Wanda bai gane irin matoshinsa ba zai iya ɗaukar hotonsa ya bincika da Google Lens, ya ga makamantansa. Amma a kwashe ruwan bahon tukuna. Ko wayar da ke da shaidar IP67, wadda ke jure zurfin mita 1 na minti 30, da ruwa mai tsabta aka gwada ta, ba da ruwan sabulu ba.

Kafin a fara, a shimfiɗa tsumma a cikin bahon don kada ƙarfe ya karce shi, a kuma ajiye kofi a kusa don zuba ƙananan notuna. Noti ɗaya idan ya faɗa ramin, ya zama sabuwar matsala.

Gane matoshi da yadda ake cire shi

Ƙa'ida guda ta shafi kusan dukkansu: a fara sa matoshin a buɗe, sannan a kwance zuwa hagu, wato saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya.

1. *Wanda ake dannawa da yatsan ƙafa.* Idan an danna ya rufe, idan an sake dannawa ya buɗe. A riƙe jikinsa na ƙasa a murɗa hular sama zuwa hagu. A wasu, duka matoshin ne zai fito. A wasu kuma hular ce kaɗai za ta fita, sai a ga sanda mai tsagi a ka, a kwance ta da sukundireba mai faɗin baki.

2. *Wanda ake ɗagawa a murɗa.* Yana da ɗan maɗauki a samansa. A ɗaga shi a haska ƙarƙashinsa da tocila, a juya shi a hankali ana neman wani ɗan ƙaramin noti a gefe. Idan yana nan, a sassauta shi da alanki ko ƙaramar sukundireba, ba sai an cire shi duka ba, sai matoshin ya zare. Idan babu noti a gefe, to a rufe shi a ci gaba da murɗawa hagu, ko a kwance maɗaukin a duba ko notin na ƙarƙashinsa.

3. *Wanda ake ja sama a tura ƙasa.* Ya yi kama da na biyu, sai dai ba a murɗa shi wajen amfani. A riƙe jikinsa da hannu ɗaya, a kwance maɗaukin da ɗayan. Idan ya ƙi, a naɗe shi da tsumma kafin a kama da filaya. A ƙarƙashinsa akwai sandar tagulla da ake kwancewa da sukundireba.

4. *Mai ɗan hannu a samansa da ake kifarwa gefe.* Wannan zobban roba ne kawai ke riƙe da shi. A kama shi a jijjiga a hankali a ja sama.

5. *Mai hannu a bangon baho.* A nan babu matoshi a bakin magudana, sai rariya. Matoshin yana ɓoye cikin bututun da ke bayan faifan ƙarfen da ke ƙasa da famfo, wanda ya rufe ramin rarar ruwa. A kwance notuna biyu na faifan, a jawo shi a hankali sama da waje. Zai fito da jerin sanduna da wani ɗan gwangwani mai nauyi a ƙarshe. Kada a taɓa notin da ke daidaita tsawon sandunan, domin idan tsawon ya canja, bahon ba zai ƙara riƙe ruwa daidai ba.

6. *Wanda ke tasowa idan an juya hannun da ke bango.* A buɗe shi, a kama matoshin a ja sama. A wasu samfura zai fito da wani lanƙwasasshen hannun ƙarfe a jikinsa, kuma a kansa ne gashi ya fi naɗewa. A lura da inda lanƙwasar ta fuskanta, a ɗauki hoto.

Notin da ba a taɓawa

A bahuna da yawa irin na Ingila, masu matoshin roba da sarƙa, akwai wani dogon noti a tsakiyar rariyar. Wannan notin ba na matoshi ba ne. Shi ke ɗaure rariyar da bututun da ke ƙarƙashin baho, yana matse robar da ke hana yoyo. Idan aka kwance shi, bututun kan iya sauka ƙasa ko robar ta goce, kuma a bahon da aka gine gefensa da tayil babu ta inda hannu zai shiga ya gyara. Ruwa zai riƙa zuba a ɓoye, a gidan sama kuwa sai dai a ga silin na ƙasa ya fara jiƙewa. Ga ɗan haya, wannan na iya zama rigima da mai gida da kuɗin fasa tayil. A irin wannan bahon, ta cikin ramukan rariyar ake zura robar mai ƙayoyi, a bar notin yadda yake.

Fitar da dattin

Bayan matoshi ya fita, a haska ramin. Yawanci za a ga gashin a naɗe a jikin sandunan. A ciro na kusa da filaya, sannan a zura robar mai ƙayoyi har inda ta tsaya, a juya ta, a jawo a hankali. A maimaita sau uku ko huɗu har ta riƙa fitowa ba komai. Dattin a leda ake zuba shi, ba a masai ba. A wanke matoshin da tsohon buroshin haƙori, a duba robarsa, idan ta tsage a canja ta.

Sai a saki ruwa mai ɗumi na minti ɗaya ko biyu a gani. Idan har yanzu yana jinkiri, toshewar tana cikin gwiwa. A cusa jiƙaƙƙen tsumma a ramin rarar ruwa, a tara ruwa kaɗan a baho, a ɗora robar zuƙe magudana a kan ramin a danna da ƙarfi sau goma sha biyar zuwa ashirin. Idan ba a toshe ramin sama ba, iskar ta can za ta fice, aikin ya zama banza.

Masu son na'ura za su iya amfani da ƙaramar kyamarar leƙe mai doguwar waya da fitilu a baki, wadda ake jonawa da waya ta USB. Kaurinta yakan kama daga milimita 5.5 zuwa 8. Kafin a saya a tabbatar wayar tana karɓar OTG, ko a nemi mai aiki da Wi-Fi. Tana nuna ko gashi ne ya tsaya ko wani abu mai tauri kamar murfin man wanke gashi, wanda dannawa sai dai ta ƙara tura shi ciki.

Abubuwan da za a guje wa

Kada a zuba tafasasshen ruwa. Bututun roba na PVC yakan fara laushi idan zafi ya wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, mahaɗarsa ta saki. Haɗin bakar hoda da ruwan khal da ake yawan nunawa a bidiyon TikTok kumfa kawai yake yi, ba ya narkar da gashi. Soda mai ƙarfi irin ta haɗa sabulu tana narkar da gashi, amma tana ƙona fata, tana iya makantarwa idan ta fantsama a ido. Idan an riga an zuba ta, kada a yi amfani da robar dannawa, kuma a gaya wa mai gyaran famfo kafin ya sa hannu. Mafi haɗari shi ne haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, domin yana fitar da iskar kulorin mai guba, kuma banɗaki wuri ne matsattse.

Yaushe za a kira mai gyara?

Idan baho da wurin wanke hannu da masai duk suna jinkiri a lokaci guda, ko ruwa na dawowa cikin baho idan an kora masai, matsalar tana babban bututu ko sokawe ta cika. Haka nan idan noti ya yi tsatsa ya ƙi motsi bayan an ɗiga masa mai an jira, gara a bar shi da a cinye kansa.

Idan ruwa ya koma sauka da gudu, a mayar da kayan ana bin hotunan daga na ƙarshe zuwa na farko, a ɗaure da hannu ba tare da matsewa sosai ba. Sannan a rufe matoshin a tara ruwa na minti biyar don a tabbatar yana riƙewa. Ƙaramar rariyar tare gashi da ake ɗorawa a bakin ramin, tare da cire matoshin a wanke shi sau ɗaya a wata, za su hana a sake tsayawa cikin ruwan sabulu.