Tirelar Ƙaramar Tarakta: Ku Daina Cewa Sassabe Ba Shi Da Nauyi

Duk shekara idan aka shiga sharar gona sai maganar nan ta dawo. Mutum ya sayi ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 25 ko 35, ya nufi wajen mai walda ya ce a haɗa masa tirela babba, wadda za ta kwashe komai a sawu ɗaya. In ka tambaye shi me zai ɗauka, sai ya ce ai kara ne da sassabe da 'yan rassa, ba su da nauyi. Na gaji da jin wannan magana.

Busasshen karan dawa ba shi da nauyi, gaskiya ne. Amma wa ya taɓa tsayawa a kara? Ɗanyen reshen bagaruwa ko na darbejiya kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Ana cikin lodi a ce a sa kututturen nan, gobe a ɗebo taki, jibi yashi. Ita kanta tirelar da aka haɗa da ƙafar tsohuwar babbar mota ta riga ta cinye rabin ƙarfin taraktar tun ba a ɗora mata tsinke ba.

Mutane suna tambayar ko taraktar za ta iya ja. Za ta ja mana, da giya ɗaya babu abin da ba za ta motsa ba. Abin tambaya shi ne ko za ta iya tsayawa. Irin wannan tarakta da wuya nauyinta ya wuce tan biyu, birkinta kuma a tayoyin baya kaɗai yake. A gangara, tirelar da ta fi ta nauyi turo ta take yi, bayan taraktar ya zame, su naɗe wa juna. Ƙa'idata ita ce, in tirela ba ta da birkin kanta, nauyinta haɗe da kaya kada ya wuce nauyin taraktar.

Ga kuma abin da ya fi tayar mini da hankali, wato wurin ɗauri. Akwai ƙarfen ja da kamfani ya yi a ƙasa, ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. Nan kaɗai ake ɗaura tirela. Amma sai ka ga an maƙala ta a sama, wurin da ake sa hannun garma na tsakiya, wai don bakin tirelar ya yi tsawo. Ranar da tayar tirela ta faɗa rami ko ta ci karo da kututture, gaban taraktar ne zai ɗaga sama, ta kife ta baya a kan direba. Ba a kai daƙiƙa ɗaya ba ta wuce inda za a iya dawo da ita, ƙafarka ba ta ma isa kan kuloci ba. Ƙwarewa ba ta hana wannan. In bakin tirela bai yi daidai da ƙarfen ja ba, a mayar wa mai walda ya gyara. Kada a sa guntun rodi ko tsohon noti a matsayin abin ɗauri, a nemi sandar da aka yi domin haka, mai makulli a ƙasa, a ƙara da sarƙa.

Masu yanke ƙarfen kariyar da ke saman kujera don tarakta ta shiga rumfa, su ma da su nake.

To wace iri za a saya? Mai taya biyu, domin tana ɗora wani nauyi a bayan tarakta tayoyin su kama ƙasa, kuma ta fi mai taya huɗu sauƙin ja da baya. Sai dai a raba kayan daidai, kada a tara su a gaba sitiyari ya yi sako-sako, kada a tara a baya bakin ya ɗaga. Gadonta ya zauna ƙasa-ƙasa, faɗinta kada ya zarce na taraktar sosai, saboda burtali. Sassabe wuri yake ci, don haka a yi mata sandunan gefe da ake cirewa, da ƙugiyoyin ɗaure igiya. Mai juye kaya irin na tifa tana rage wahala, in taraktar tana da wurin haɗa tiyon mai. Tayoyi kuwa a sa masu kauri, don ƙayar aduwa ba ta san kwancen tayar ƙaramar mota ba.

Yaran da ake ɗorawa a saman lodi kuma, don Allah a sauke su. Sawu biyu da ƙaramar tirela sun fi sawu ɗaya da zai ƙare a asibiti.