Kafin Ka Sayar da Gona Don Tafiya Ayislan

A majalisar mai shayi a Unguwar Ya, wani matashi ya nuna mini hoton sama mai koren haske a wayarsa, ya ce can zai koma. Ayislan yake nufi, ba Ayalan ba. Ƙasashe biyu ne daban, kuma akwai dillalan biza da ba su san bambancin ba.

Ba zan ga laifinsa ba. Tsibiri ne da ba shi da rundunar soja, ga zaman lafiya, ga wutar lantarki. Mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su kai yawan na ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram a haɗe ba, waɗanda a ƙidayar 2006 suka haura rabin miliyan. Da zafin cikin ƙasa ake ɗumama gidaje, shi ya sa ruwan wanka a Reykjavik, babban birnin ƙasar, ke ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kada ka tsorata.

Fara da takardu. Fasfo kana iya yinsa a Dutse. Ayislan tana cikin yankin Shengen tun 2001, kuma bizar ziyara kwana 90 ce cikin 180, tare da inshorar lafiya ta Yuro 30,000. Ba ta ba ka damar aiki. Mai son aiki, ko a masana'antar kifi ne ko a otal, sai kamfani ya ba shi kwantiragi an samu izini yana gida. Duk wanda ya ce "kai dai ka isa, za a gyara", kuɗinka yake so.

Babu jirgi kai tsaye. Daga Kano ko Abuja sai an sauya a hanya kafin a sauka a Keflavik, kimanin kilomita 50 daga babban birnin.

Duhu ne abin da hoto ba ya nunawa. A Disamba hasken rana bai wuce awa huɗu zuwa biyar ba. Ka tafi aiki cikin dare, ka dawo cikin dare. Mu da hazon hunturu na kwana uku ke sa mu ƙorafi! Rigar sanyin kasuwar Gwaram ba za ta tare wannan iska ba, nemi mai hana ruwa. A Yuni kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen sha biyun dare. Idan azumi ya zo a wannan lokaci yakan haura awa 20, don haka ka tambayi malaminka hukuncin tun kana gida. Musulmi kaɗan ne, amma akwai masallaci a Reykjavik.

Albashi yana da ƙauri in an canza shi zuwa Naira. Hayar ɗaki da abinci ke haɗiye shi, domin yawancin kaya daga ƙetare ake shigo da su. Lissafa haya da kuɗin ƙasar, krona, kafin ka yi wa Inna alkawarin kujerar Makka.