Darasi: Yadda za mu koya wa zuciya riƙe alheri



Da yawa daga cikinmu da ke zaune a Onklou da ƙauyukan da ke kan hanyar Djougou zuwa Parakou mun baro gida ba da son ranmu ba. Jiki ya iso, amma hankali yana can baya. Ƙarar babur da dare sai gaba ya faɗi, barci ya ƙi zuwa, a yi wa yaro tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Darasinmu na yau a kan wannan ne.

Me ya sa mummunan abu ya fi zama a rai?

Haka aka halicci ƙwaƙwalwa: tana saurin riƙe abin tsoro domin ta kāre mu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan tsoron ya taimake mu a hanya, don haka ba abin kunya ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Matsalar ita ce, bayan an tsira, ƙwaƙwalwa takan ci gaba da gadi dare da rana. Alheri kuwa sai ya wuce ba mu lura ba. Amma ƙwaƙwalwa kamar hanyar gona take: inda ake yawan bi nan ke buɗewa, inda aka daina bi ciyawa ta rufe.

An gwada an gani. A shekarar 2005, wani malamin jami'a a Amurka mai suna Martin Seligman da abokan aikinsa sun sa mutane su riƙa rubuta abubuwa uku masu kyau kowane dare har mako guda. Bayan wata shida, an tarar damuwarsu ta ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ita ma ta gwada darussa biyar na kwantar da hankali ga mata 'yan Sudan ta Kudu da ke gudun hijira a Yuganda, kuma sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna sun sami sauƙi.

Abubuwa huɗu da za mu yi

1. Abu uku kafin barci. Bayan cin abincin dare, kowa a gidan ya faɗi abu uku masu daɗi da suka same shi yau, da dalilinsu. Ba sai babba ba: maƙwabciya ta ba mu doya, zazzaɓin jariri ya sauka, yaro ya koyi gaisuwa da Dendi. Ba a bukatar takarda ko biro, baki ya isa. A bar yara su fara.

2. Mu daɗe a kan alherin. Idan abu mai daɗi ya faru, kada mu wuce da sauri. Mu tsaya, mu ja numfashi a hankali sau biyar muna jin daɗin a jikinmu. Masu godiya ga Allah bayan salla ko addu'a, wannan lokaci ne mai kyau.

3. Idan tunani ya taso. Mu dafa ƙafa a ƙasa sosai, mu saki numfashi a hankali, sannan mu ambaci abu biyar da muke gani, da sauti uku da muke ji. Wannan yana dawo da hankali inda jiki yake.

4. Mu yi wa wani alheri. Ɗebo wa tsohuwa ruwa, riƙe wa maƙwabciya yaro, taya mai masauki aikin gona. Zaman kaɗaici yana ciyar da damuwa. Tun zamanin fatauci, ayarin goro daga Gwanja zuwa Kano a Zugu yake yada zango, wato Djougou ta yau. Ƙasar nan ta saba da baƙo, mu ma mu miƙa hannu.

A kula

Wannan darasi bai ce mu manta da waɗanda muka rasa ba, ko mu hana kanmu kuka. Ba ya maye gurbin abinci, takardu ko makarantar yara; haƙƙinmu ne, mu ci gaba da nema. Kuma kada a ce wa wanda ake duka ko ake cuta ya dubi alheri ya yi shiru. Wannan magana ce ta jami'in kariya, kuma ana riƙe sirri.

Idan mutum ya yi mako biyu ba ya barci ko ba ya cin abinci, ko ya kasa kula da yaransa, a raka shi wurin likita mafi kusa. Idan yana maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar. 

Mu fara daren yau, mu riƙe har kwana bakwai. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu kwanciyar hankali.