Ɗana, Kafin Ka Fara Rubuta Kundinka

Ɗana, na ji ka shiga shekarar ƙarshe a jami'a, kuma malamanka sun ce lokaci ya yi da za ka zaɓi abin da za ka yi bincike a kansa, ka rubuta kundi kafin a ba ka shaida. Na yi murna, amma murnar ta zo da ɗan nauyi a zuciyata, domin na san yadda da yawa daga cikin sa'anninka suke ɗaukar wannan aiki. Wani zai je shagon masu kwamfuta ya sayi tsohon kundin wani, ya goge sunan gari ya sa Rano ko Kibiya, ya kai wa malami. Na taɓa ganin wani yaro a gindin darbejiya da tulin takardun tambayoyi a cinyarsa da biro kala uku a aljihu, yana cike su shi kaɗai, yana canza biro yana karkata hannu don kada a gane rubutun mutum ɗaya ne. Manoman da ya ce ya tambaya kuwa suna can gona, ko sallamarsa ba su taɓa ji ba. Mai yin haka daidai yake da mai zuba yashi a buhun gero, domin ba shi zai tauna ba, wani bawan Allah ne can gaba da ya amince ya saya.

Ina so ka san cewa abubuwa da dama da kake gani a gonakinmu, daga Rurum zuwa Tarai, bincike ne ya haife su, kuma waɗanda suka yi shi haƙuri suka zuba, ba dabara ba.

A shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai, yawancin masu ilimin boko sun ɗauka cewa manomin Hausa da yake haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya rashin wayewa ne ke damunsa, saboda haka aka yi ta kiransa da ya koma shuka iri ɗaya tak a jere. Sai wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da ke aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya ce a dakata a auna tukuna. Shi da ma'aikatansa suka zauna da manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, daga 1966, suna komawa gare su mako bayan mako har damina ta zagayo, suna rubuta wanda ya yi aiki, da tsawon lokacin da ya yi, da abin da gona ta bayar. Abin da lissafi ya nuna shi ne haɗa amfanin gona ya fi kawo abin hannu a kan kowace eka, ya fi biyan wahalar manomi a watannin noma lokacin da hannu ke ƙaranci, kuma ya fi tsare gida daga yunwa, domin idan gero ya ƙi, dawa tana nan, idan ruwa ya ɗauke da wuri, wake ya rufa asiri. Ka ga kakanninka suna da hujja, sai dai ba a rubuce take ba. Wannan mutumi da ya ƙi yanke hukunci kafin ya saurara, aikinsa ya sauya yadda masana a ƙasashe da yawa suke kallon ƙaramin manomi, kuma ni a ganina ladabin da ya nuna ya fi lissafin nasa daraja.

Amma kada wannan ya sa ka zaci duk abin da muka gada ya wadatar. Akwai abin da idon manomi ba ya iya kaiwa, komai daɗewarsa a gona, kuma ƙuduji ne babban misali. Ka san shi, ka ga jan furensa mai ɗaukar ido a gindin dawar da ta tsumbure, ka ji ana cewa ƙasa ce ta gaji. Gaskiya ne ta gaji, domin ƙuduji ya fi ƙarfi inda taki ya yi ƙaranci, sai dai labarin ya fi haka zurfi. Masana sun gano cewa tushe ɗaya yana zubar da ƙwayoyin iri dubbai masu yawa, ƙanana ƙwarai da ƙyar ido ke ganinsu, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba. Ba ruwan sama kaɗai ke tashe su ba, jira suke su ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa, sai su tsiro su manne mata su riƙa tsotse abincinta tun suna ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka ranar da ka ga fure a sama, mafi yawan ɓarnar an riga an gama ta. A 1966 aka fara tace irin wannan sinadari, kuma daga saiwar auduga aka samo shi, alhali ƙudujin dawa ba ya iya kama auduga. Nan ne hikimar ta fito: idan ka shuka abin da zai tashe shi amma ba zai ciyar da shi ba, kamar auduga ko waken suya, sai ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu, irin da ke kwance a gonar ya ragu. Wannan ne dalilin da malaman gona na KNARDA suke nanata a riƙa juya masara da waken suya, kuma a tumɓuke ƙuduji kafin ya zubar da iri, a fitar da shi daga gona a ƙone.

Shi ma wake yana da nasa ƙudujin daban. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta IITA, waɗanda suka buɗe tasharsu a Kano a 1990 suna gwaji a gonar Minjibir, tare da abokan aikinsu na Samaru, sun sami wani waken gargajiya daga Botswana da ƙuduji ba ya iya kamawa, amma ƙwayarsa ba irin wadda kasuwarmu ke so ba ce. Shekaru suka yi suna aure tsakaninsa da irin da muke so, damina bayan damina, suna zaɓe suna zubarwa, kafin a sami irin da za a iya miƙa wa manomi. Ka yi tunanin mutumin da zai shuka layi ɗari ya san watakila biyu ne za su yi, kuma ya rubuta gaskiyar sauran da suka faɗi ba tare da ya ɓoye ba. Idan da ya gyara lissafi don malaminsa ya yaba masa, da manomin Saji ko na Durba ne zai biya kuɗin ƙaryar da amfanin shekararsa.

Sai maganar ajiya. Ka san yadda ƙwaro ke mayar da buhun wake gari cikin 'yan watanni, kuma ka san abin da tsoron haka ya sa wasu suke yi, su yayyafa fiya-fiya a kan abincin da mutane za su ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, mu kuwa a nan cikinmu yake shiga. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka, waɗanda suka fara aikin a arewacin Kamaru, sannan aka yi gwaje-gwaje masu yawa tare da masana na Maradi, sun tabbatar da abu mai sauƙi: ƙwaro ma numfashi yake yi, idan ka toshe masa iska zai cinye 'yar wadda ta rage, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu. Daga 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, kuma a Kano ake ƙera shi. Amma ka lura da yadda ake ɗaure shi, domin a nan ne mutane ke faɗuwa. Sai wake ya bushe sarai, ka duba ledar ka tabbata ba huji ko na bakin allura, ka zuba, ka matse iskar da tafin hannu, ka murɗe bakin leda ta ciki ka lanƙwasa ka ɗaure ta ita kaɗai, sannan ta biyu ita ma daban, sannan buhun waje, ka ɗora a kan katako nesa da ɓera. Wanda ya haɗa ukun ya ɗaure da igiya ɗaya, ko yake buɗewa kowace Juma'a ya ɗebi na miya, idan ƙwaro ya ci waken zai ce masana sun yi ƙarya, alhali sakamakon bincike yana tafiya ne da sharuɗɗansa.

Ba kowane bincike ne ke kawo labari mai daɗi ba, ɗana, kuma a nan ake gane halin mai yinsa. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, alheri ce da ba mai musunta ta. Da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, shinkafa da tumatir da alkama, gidaje da yawa da ita suka tsaya da ƙafarsu. Duk da haka, masanan da suka bi ruwan har fadamun Hadeja da Nguru a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman can suke rayuwa da ita ta ragu, kuma a lissafinsu amfanin da ruwa yake bayarwa a fadamar ya zarce wanda daidai wannan ruwan yake bayarwa a gonakin ban-ruwa na sama. Mu mutanen sama ba mu so jin haka ba, amma 'yan'uwanmu ne a can, kuma wanda ya auna ya faɗa bai yi mana laifi ba. Haka ma tsargiya. Yara da yawa sun tashi suna fitsarin jini ana cewa alamar girma ce, alhali tsutsa ce da ke rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu sosai, irin na bakin madatsai da magudanan ban-ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki. A 1851 wani likita ya fara ganin tsutsar a Masar, amma sai a 1915 aka tabbatar da hanyar da take bi ta jikin katantanwa. Shekara 64 ke nan tsakanin gani da fahimta, kuma yau ƙwayar magani ake ba ɗan makaranta ya warke.

Saboda haka idan saƙo ya shigo wayarka yana cewa masana sun gano kaza, kada ka yi saurin turawa, kuma kada ka yi saurin rainawa. Ka tambaya su wane ne, a ina suka yi, mutum nawa ko gona nawa suka duba, kuma wasu sun sake gwadawa sun sami daidai da haka? Abin da ya yi kyau a jar ƙasar Samaru ba lallai ne ya yi haka a jigawa mai yashi ba, domin haka idan ka kawo wa mahaifinka sabon iri, ka roƙe shi kunya biyar ko goma a gefen gona, ku shuka kusa da nasa a rana ɗaya, ku yi musu noma iri ɗaya, kaka ta raba gardama.

Ke ma 'yata da kike karanta wannan, akwai ƙofar da ke kaɗai za ki iya shiga. Mai bincike namiji iyakarsa zaure, abin da maigida ya faɗa shi zai rubuta, alhali a cikin gida ake soya ƙuli-ƙuli da awara, ake dafa daddawa, ake zubin adashi, ake kiwon awakin da ke biyan kuɗin asibiti. Da wata mai bincike, Mary Smith, ba ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau tana saurarenta ba, har littafin rayuwar Baba ya fito a 1954, da rayuwar matan wancan zamani mai yawa ta tafi tare da masu ita. Ki shiga da sallama, ki zauna a tabarma, ki bari su gama maganarsu kafin ki ɗauko biro.

Kai kuma ɗana, in ka tashi fita, ka fara da gaishe da dagaci da mai unguwa, ka faɗi ko kai ɗan wane ne da abin da ya kawo ka. Kada ka je wa mutum da tambayoyi da hantsi a tsakiyar noman farko, ka jira ya dawo ya yi sallah ya huta. Kada ka bari a zaci sunan masu samun taki kake rubutawa, domin mutanenmu sun sha cika takarda suna jiran abin da bai zo ba, kuma idan suka zaci rabo ne, mai gona biyar zai ce ɗaya gare shi. Abin da mutum ya faɗa maka game da bashinsa ko rumbunsa amana ce, ba ta hira a majalisa ba ce. Idan mutum arba'in ka samu, ka rubuta arba'in. Idan abin da ka zata bai fito ba, ka rubuta cewa bai fito ba, malamin kirki zai karɓa, kuma wanda zai zo bayanka ya huta da bin hanyar da ba ta ɓullewa.

In Allah ya nufa ka gama, kada kundin ya ƙare a kan kanta ƙura na binne shi. Ka fitar da abin da ka gano a shafi biyu da Hausa mai sauƙi, ka koma garin da ka yi tambayoyin, ka roƙi mai unguwa ya tara maka mutane bayan la'asar, ka karanta musu. Za a sami dattijon da zai ce yaro, wannan wurin ba haka yake ba, kuma zai faɗi dalilinsa. Ka bar shi ya kai ƙarshe, ka yi masa godiya, ka rubuta abin da ya ce a gefen takardarka tare da kwanan wata. Ka gaishe mini da malamanka, Allah ya ba da sa'a.