Janye Rangwamen Haraji a Amurka da Makomar Farashin Motocin Lantarki na Hannu

Rangwamen haraji wani kaso ne na kuɗi da gwamnati ke yafe wa mai saye daga cikin harajin da ke kansa, domin ta karkata shi ga wani kaya da take son ya yaɗu. A Amurka, Dokar Rage Hauhawar Farashi ta shekarar 2022 ta tanadi rangwamen da ya kai dala 7,500 ga sabuwar motar lantarki, sannan ta ware wani na daban ga motar hannu, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita: kashi 30 cikin ɗari na kuɗin motar, amma kada ya wuce dala 4,000. Sharuɗɗan kuwa su ne kuɗin motar bai haura dala 25,000 ba, ƙirarta ta girmi shekarar da aka saya da aƙalla shekara biyu, an saye ta a hannun dillali mai lasisi, kuma abin da mai saye ke samu a shekara bai wuce dala 75,000 ba idan shi kaɗai ne, ko 150,000 ga ma'aurata. Dokar da Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta kawo ƙarshen duka biyun bayan ranar 30 ga Satumba, 2025.

Abin da mutane da yawa suka ɗauka shi ne, tunda an janye tallafin, dole motocin hannu su yi tsada. Masu aikin kimanta darajar motoci sun san lamarin bai miƙe haka ba, domin farashin motar hannu yana rataye ne da abin da mai saye zai biya a kan sabuwa irinta, ba da kuɗin da aka rubuta a takardar kamfani ba. A lokacin da ake yafe dala 7,500, duk sabuwar motar da ta cancanci rangwamen tana zubar da wannan kuɗin daga darajarta tun ranar da ta bar wurin dillali, saboda babu mai hankalin da zai sayi tsohuwa a kusa da kuɗin sabuwa. Janye rangwamen ya kamata ya ɗaga darajar tsofaffin, amma kamfanoni ba su zuba ido ba: a watan Oktoba na 2025 Hyundai ya zaftare har dala 9,800 daga farashin Ioniq 5 ƙirar 2026, Tesla kuma ya fito da Model Y mai rahusa a kan dala 39,990. Haka aka gani a Jamus lokacin da gwamnati ta dakatar da nata tallafin kwatsam a watan Disamba na 2023, inda kamfanoni irin su Volkswagen suka ɗauki nauyin cike giɓin na ɗan lokaci daga aljihunsu. Duk ragin da aka yi wa sabuwa kuwa, tsohuwa ce ke biyansa.

Iyakar dala 25,000 ta bar wata alama da aka riƙa gani ƙiri-ƙiri a filayen dillalai kafin a janye rangwamen, inda akan tarar da motar da kimarta ta ɗan haura wannan adadi an liƙa mata takardar dala 24,999 a gilashi, don kawai ta shiga sahun masu rangwame. Daga Janairun 2024 zuwa ƙarshen Satumban 2025 an riƙa cire rangwamen nan take a wurin ciniki, saboda haka mai sayen motar dala 20,000 yakan biya 16,000 ya tafi. Wannan mutumin, wanda galibi mai ƙaramin ƙarfi ne, shi ne ya fi kowa cutuwa da janyewar, kuma abin takaici ne a ce wanda tallafin ya fi yi wa amfani shi ne aka fi barin sa a rana.

Sai dai akwai wani abin da ya fi rangwamen nauyi a kan farashi, wato motocin haya na dogon zango. Wannan tsari ne da mutum ke karɓar sabuwar mota ya riƙa biya wata-wata na shekara biyu ko uku, sannan ya mayar da ita. Dokar 2022 ta bai wa kamfanonin da ke bayar da irin wannan haya dala 7,500 ba tare da tsauraran sharuɗɗan saye ba, shi ya sa jama'a suka yi tururuwa zuwa gare ta tsakanin 2023 da 2025. Yawancin waɗannan motoci suna komowa kasuwa ne daga 2026 zuwa 2028, kuma idan kaya ya yi yawa a kasuwa, mai saye ne ke da bakin magana. A nan ne ciniki mai kyau yake, ga wanda ya iya haƙuri.

Arha kaɗai ba ta isa hujjar saye ba, domin darajar motar lantarki tana cikin batirinta. Ana auna lafiyar batir da kaso cikin ɗari na cajin da yake iya riƙewa idan aka kwatanta da lokacin da yake sabo, kuma na'urar da ake jona wa mota tana nuna wannan adadi. Motar da ke cin kilomita 400 tana sabuwa, idan batirinta ya koma kashi 80, abin da za ta ci bai wuce kilomita 320 ba. Garantin batir a Amurka yawanci shekara 8 ne ko mil 100,000, saboda haka wajibi ne a lissafa abin da ya rage daga ciki kafin a yi tayi.

Wannan batu ya shafi masu shigo da motocin hannu daga Amurka ta tashoshin Legas da Kwatano, domin saukar farashi a can na iya ruɗar mutum. Garantin ba kasafai yake bin mota zuwa wata nahiya ba, bakin cajin Amurka ya bambanta da na Turai da na Sin, zafi kuma yana saurin cinye batirin da ba shi da tsarin sanyayawa na ruwa, kamar na tsofaffin Nissan Leaf. Duk mai niyyar saye, a can ko a nan gida, ya nemi rahoton lafiyar batir a rubuce, ya gwada kuɗin da farashin sabuwa na wannan ranar, kuma kada ya biya ko sisi kafin ya ga waɗannan biyun.