Girbin Kabewa da Ajiyarta

Kabewa abinci ne mai albarka. Mutanen Sakkwato da na Zamfara su kan ce mata kabushi. A Dareta, cikin ƙasar Anka, da sauran ƙauyukan Gummi da Bukkuyum, a kan shuka ta a bayan gida idan damina ta kama, ta yaɗu bisa danga ko bisa jinkar ɗaki. Da ita a ke yin miyan taushe. Jan namanta yana da bitamin A, wanda ke ƙarfafa ido, ya kare yara daga dundumi. Amma mutane da yawa su kan yi hasararta, don ba su iya girbinta da ajiyarta ba.

1. Lokacin girbi

Kabewa ta kan yi wata 3 ko 4 kafin ta ƙosa. Wanda ya shuka cikin watan Yuni, sai ya sa ido cikin Oktoba, watau da kaka. Kada ka yi gaggawa. Ɗanyar kabewa ba ta ajiyuwa, ba ta kuma da zaƙi.

Ga alamu guda 4 da za ka gane ta ƙosa. Ganyen ya yi yaushi, yaɗon ya fara bushewa. Ɗan karan da ke riƙe da ita ya bushe, ya yi tauri kamar icce. Ka danna ɓawon da farce, farcen ya kasa shiga. Ka ƙwanƙwasa ta, ka ji ta yi amo kamar ganga. In alamun nan sun cika, to, lokaci ya yi.

2. Yadda a ke yanke ta

Ka zaɓi ranar da babu ruwa, ka bari raɓa ta bushe. Ka yanke da wuƙa mai kaifi, ka bar mata kara tsawon ɗan yatsa. Kada ka fizge ta da hannu, kada kuma ka ɗauke ta ta wurin karan. In karan ya ɓalle, ya bar rauni ke nan, ta nan ruɓa ke shiga. Wadda ta faɗi ta ƙuje, sai a ware ta a ci da wuri.

3. Ajiya

Bayan an yanke, sai a jera ta a inuwa mai iska har kwana 10, don ɓawon ya ƙara tauri, ƙananan raunuka su warke. Sa'an nan a ɗaga ta daga ƙasa, a aza bisa rumfa ko gadon kara, inda gara da damshi ba su kai. Kada wata ta taɓa wata. Kada a bar ta bisa kwano cikin rana, gama zafi ya kan dafa ta. Ka riƙa dubawa kowane mako, wadda ta yi tabo ka fitar da ita. Kabewar da aka yi wa haka ta kan kai wata 2 ko 3. In kana so ta kai bazara, sai ka yayyanka ta sala-sala, ka shanya ta bushe ƙayau, ka zuba cikin tukunya mai murfi. 'Ya'yan wadda ta fi kyau kuwa ka wanke, ka busar, su zama iri na baɗi.

4. Ƙurar dalma

Akwai wani dalili babba da ya sa mutumin Dareta ba zai shanya abinci a ƙasa ba. Cikin shekarar 2010 aka gane cewa duwatsun zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje suna da dalma. Ƙurarsu ta gauraye da ƙasar tsakar gida, ta shiga cikin yara. Yara wajen 400 suka rasu a ƙasar Zamfara. Cikin shekaran nan aka kankare ƙasar gidajen Dareta da 'Yargalma, aka zuba sabuwa. Na Bagega aka yi a 2013.

Dalma ba ta da wari, ido ba ya ganinta cikin ƙura, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Saboda haka ka wanke ɓawon kabewa da ruwa mai tsabta kafin ka sa wuƙa. In za ka shanya, ka shimfiɗa tabarma mai tsabta bisa rumfa, nesa da inda a ke fasa dutse. Turmi ko buhun da dutsen zinariya ya taɓa shiga, kada abinci ya shiga cikinsa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Faɗi alamu 4 na kabewar da ta ƙosa.
2. Don me a ke bar mata kara?
3. Me ya sa ba a shanya ta a ƙasa?